Babi na Biyar: Gidajen Murjani na Tsohuwar Jidda

Da wuya ka shiga gidan da aka taɓa yin alhaji ko hajiya a ƙasar Hausa ka rasa wani abu da ya fito daga Balad, tsohuwar unguwar Jidda. In babu darduma akwai carbi, in babu jallabiya akwai kwalbar turare ko agogon bango mai kiran salla. Alhazanmu da 'yan Kano-Jidda sun san unguwar nan lungu-lungu. Sun san inda ake sayar da gwal, da inda abaya ta fi sauƙi, da ɗan canjin da ba ya cuta. Sai dai mai sayayya idonsa a kan kaya yake, hannunsa a kan aljihu, ga kuma mota tana jira. Shi ya sa mutum zai yi shekara da shekaru yana zirga-zirga a Balad bai taɓa ɗaga kai ya dubi abin da ke bisa shagunan ba. Abin da ke can sama kuwa shi ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014: gidaje masu hawa huɗu, biyar, wasu har fiye, an gina su da dutsen da aka haƙo daga teku, fuskokinsu lulluɓe da katako sassaƙaƙƙe tun daga ƙasa har rufi.

Jidda ta samu matsayinta ne a zamanin Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda. A shekara ta 26 bayan Hijira, wato wajejen 647, ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba da ke kudu da ita. Tun daga lokacin arzikin garin ya rataya a kan abu biyu, alhazai da fatauci, kuma su biyun a jirgi ɗaya suke zuwa. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya ratsa garin a 1183, ya tarar yawancin gidajen bukkoki ne, sai masaukan baƙi na dutse da laka waɗanda ake kwana a kan rufinsu saboda zafi. Zafin nan da ya dame shi har yau yana nan, zafi mai gumi wanda yake manne wa mutum riga a jiki, kuma duk wata dabara da za ka gani a ginin Balad amsa ce gare shi.

Mai yawon buɗe ido ya fi dacewa ya fara daga arewa, ta Ƙofar Jadid, da la'asar sakaliya. Ƙofar tana tsaye ita kaɗai babu ganuwa a dama ko hagu, domin an rushe ganuwar a 1947 lokacin da gari ya fara fin ƙarfin iyakarsa. An gina ganuwar ne a farkon ƙarni na 16, da umarnin sarkin Mamluk na Masar, Ƙansuh al-Ghuri, a ƙarƙashin kwamandansa Husain al-Kurdi, saboda Turawan Fotugal sun zagayo Afirka sun fara leƙen Bahar Maliya. Tsoron bai zama na banza ba. A 1517 jiragen yaƙinsu suka iso gaban Jidda, igwogin da aka girke da duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa suka hana su shiga, suka juya. Ganuwar ta tsare garin fiye da shekara 400, ta kuma matse shi a fili ɗan kaɗan da mai tafiya a ƙasa zai ƙetare cikin mintuna. Wanda ya yi kuɗi, ba shi da wurin faɗaɗa gida, sai ya hau sama. Sama kuma nan iskar teku take.

Ka tsaya a jikin kowane bango da shafensa ya ɓare, ka duba da kyau. Dutsen fari ne mai ɗan ja, cike da ƙananan ramuka, wani lokaci har ka ga zanen ƙwarya ko reshen halittar ruwa a jikinsa. Mutanen Jidda suna kiransa mangabi. Murjani ne da ya daskare shekaru aru-aru a gaɓar teku, ana yanko shi a wajen tafkin Arba'in da ke arewacin gari, lakar da ake ɗinke shi da ita ma daga ƙasan tafkin ake kwaso ta. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin sassaƙa, ba ya riƙe zafi. Amma yana da laushi, in ka goga masa farce sai ya yi gari, kuma gumin teku da gishiri suna cin sa idan aka bar shi tsirara. Don haka ake rufe shi da farar ƙasa, ana sabunta shafen a kai a kai.

Yadda aka ɗora hawa biyar a kan dutse mai laushi haka shi ne abin da ya fi burge ni a garin. Bayan kowane jeri biyar ko shida na dutse, kimanin mita ɗaya ke nan, magini yana shimfiɗa katako a kwance cikin bango, ya zagaye ginin da shi. Daga nesa za ka ga layukan kamar ɗamara. Wanda ya taɓa ganin yadda maginan Kano da Zariya suke binne azara a cikin ginin ƙasa don ta ɗauki nauyin soro zai gane tunanin nan take. Katakon yana raba nauyi daidai, yana hana tsagewa ta yi tafiya daga ƙasa zuwa sama. Sannan in dutsen ƙasa ya ruɓe, magini zai iya tokare katakon, ya zare ruɓaɓɓen, ya sa sabo, mutanen gida suna zaune a sama abinsu. Bangon ƙasa ya kan yi kauri kusan kamu biyu, yana raguwa yayin da ake hawa. Ginin tun asali an yi shi ne da sanin cewa kullum za a riƙa taɓa shi ana gyara. Wannan magana za mu dawo kanta, don a kanta rayuwar Balad ta dogara.

Sai rawashin, wato tagogin katako da suka turo kai waje daga bango, ɗaya ana ce masa roshan. Hijaz, yankin da Jidda take, ba ƙasar itace ba ce. Katakon daga Indiya da Jawa jirage suke kawo shi, mai tauri wanda gara da gumi ba sa yi masa komai da wuri, don haka yawan rawashin a fuskar gida shi ne shaidar ƙarfin aljihun mai gidan. Daga titi ado ne: koraye, shuɗɗa, wasu an bar su da launin itace, an sassaƙa musu ganyaye da taurari. Amma sai ka shiga ciki za ka san amfaninsu. A gidajen da aka buɗe wa baƙi, kamar Gidan Matbuli da ke cikin kasuwar Alawi, ana iya zama a cikin roshan. Faɗinsa ya isa mutum ya miƙe ya kwanta, an shimfiɗa katifa da matasai. Gabanka ƙananan marafai ne da ake turawa sama ko a sauke, ko kuma raga ta siraran itatuwa da aka sarƙa. Ka ɗaga ɗaya, iska ta shigo ta ƙasa. Hasken rana kuma ya tsaya a waje, abin da ke shigowa ɗigo-ɗigo ne a kan shimfiɗa. Akwai wurin da ake jera tulunan ƙasa, iska ta bi ta kansu, ruwa ya yi sanyi, ɗaki ma ya samu rabonsa. Matan gida suna ganin duk abin da ke gudana a titi, ɗan talla da ɗaurin aure da jana'iza, babu mai ganinsu. Matakala kuma tana tsakiyar gida, tana zuƙe iska mai zafi tana fitar da ita ta sama. Da dare a lokacin bazara iyali duka rufi suke hawa, inda aka yi katanga mai huji-huji don iska ta ratsa.

Yawancin manyan gidajen da ke tsaye yau ba su kai tsufan da mutum zai zata ba. An gina su ne bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, lokacin da jiragen ruwa masu tururi suka fara sauke alhazai dubbai daga Indiya da Jawa da Masar, fatauci ya bunƙasa. Sunayen gidajen suna nuna inda masu su suka fito: Ba'ishin da Banaja mutanen Hadramaut ne, wasu zuriyoyin daga Masar, wasu daga Indiya ko Sham. Su kansu unguwannin guda huɗu ne: Sham a arewa, Yaman a kudu, Bahar ta ɓangaren teku, sai Mazlum, wadda mutanen gari suke danganta sunanta da wani malami, Abdulkarim al-Barzanji, da aka kashe a zamanin Daular Usmaniyya.

Gidan da ya fi kowanne suna shi ne Gidan Nasif. An fara shi a 1872 aka gama a 1881, mai shi Umar Nasif, attajiri kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda. Abin da baƙo ya fara lura da shi a ciki matakala ce mai faɗi, tsaninta gajeru ƙwarai, hawan ba ya gajiyarwa. Masu nuna gidan suna cewa an yi ta haka ne don raƙumi ya iya hawa da kaya har ɗakin girki da ke sama. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, irin wadda muka saba da ita a bakin titunanmu. A Jidda ta dā, inda ruwan sha ma da kuɗi ake saye, bishiya abin mamaki ce, har ana kwatance da ita: gidan da ke da bishiya. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka a Disambar 1925, bayan garin ya miƙa wuya ƙarshen tsarewar kusan shekara guda, Sarkin Hijaz Ali ɗan Husain ya fita ta teku. A ɗakunan nan ya karɓi manyan gari da jakadun ƙasashe. Ni dai abin da ya fi ja mini hankali a tarihin gidan shi ne jikan mai shi, Shaihu Muhammad Nasif, wanda ya tara littattafai dubbai ya buɗe ƙofarsa ga malaman da suka zo aikin hajji daga ko'ina. Bayan rasuwarsa a 1971 littattafan suka koma Jami'ar Sarki Abdul'aziz.

Daga nan hanya tana gangarawa cikin kasuwar Alawi, ƙamshin lubban da gahawa da kayan yaji ya tare ka. Masallacin Shafi'i yana cikin unguwar Mazlum, hasumiyarsa ana ƙiyasta ta da ƙarni na 7 na Hijira, kuma sai ka sauka 'yan matakala kafin ka shiga, don titi ya yi ta tasowa shekaru suna tafiya, masallacin yana nan inda yake. Masallacin Usman ɗan Affan ƙarami ne, amma a 2024 hukumomi suka bayyana cewa masu tono sun samo gutsattsarin kayan tarihi kusan 25,000 a wurare huɗu na Balad, ciki har da ginshiƙai biyu na baƙin itacen kanya a gefen mihrabin wannan masallaci, waɗanda bincike ya nuna daga tsibirin Silan aka kawo su tun ƙarnonin farko na Musulunci. Wajen ganuwar dā ta arewa maso gabas akwai maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hawwa'u; an rushe ginin da ke kan kabarin a shekarun 1920. Wanda ya zo da azumi zai tarar da unguwar ta zama wata daban bayan tarawihi, masu balila da masu soya hanta suna kiran ciniki da waƙa, yara suna guje-guje har sahur.

Akwai abin da allunan da aka kafa a jikin gidajen ba sa faɗa sosai, kuma ya shafe mu. Gida mai hawa biyar babu famfo, wani ne yake hawa da ruwa a kafaɗa. Jidda ta sha wahalar ruwa tun fil azal: ana tara na sama a rijiyoyin da aka gina ƙarƙashin gidaje, a 1907 aka kafa injin tace ruwan teku da suke kira kindasa, sai a 1947 aka jawo ruwan Aziziyya daga Wadi Fatima. Kafin nan da bayan nan, 'yan ga-ruwa da 'yan dako da masu wanki su ne ƙafafun garin, kuma da yawansu Takari ne, mutanen Afirka ta Yamma, Hausawa da Fulani da Barebari da sauransu. Sun taso a ƙasa daga Kano ko Katsina ko Damagaram, suka bi ta Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, tafiyar da ta kan ci shekaru. Wasu sun bi sahun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Daga tashar Sawakin, a ɗaya gaɓar Bahar Maliya, suke shiga kwalekwale su tsallako. Wasu ba su iso da 'yancinsu ba, don akwai waɗanda aka yaudara aka sayar a hanya, kuma sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Baturen nan Burckhardt, da ya zauna a Jidda a 1814, ya rubuta yadda alhazan Takari suke neman abin kansu da dako da ƙananan sana'o'i maimakon bara.

Waɗannan mutane ba a cikin gidajen murjani suka zauna ba. Bukkokinsu suna wajen ganuwa ta kudu, daga baya kuma zuriyarsu da waɗanda suka biyo su suka cika unguwanni irin su Karantina. Daga ƙarshen 2021 hukuma ta rushe unguwanni da dama na kudanci da tsakiyar Jidda da ta ce an gina su ba bisa tsari ba, Karantina na ciki. Ban yarda cewa tarihin gari yana ƙarewa a gidajen attajiransa ba. Idan Bahaushe ya tsaya gaban Gidan Nasif, yana da haƙƙin ya tuna cewa gumin kakanninsa yana cikin abin da ya tsayar da irin waɗannan gidaje, ko da babu allon da ya ambace su.

Akwai kuma wani bashi da Balad take ɗauke da shi. Da kuɗin mai ya shigo aka rushe ganuwa, masu gidajen suka fara ƙaura zuwa arewa, inda akwai fili da wurin ajiye mota da na'urar sanyaya ɗaki. Manyan gidajen aka yanka su ɗaki-ɗaki aka ba talakawa haya: 'yan Yaman, 'yan Somaliya, 'yan Pakistan, mutanenmu. An sha ɗora musu laifin lalacewar unguwar, kuma gaskiya ne cunkoso da wayoyin lantarki barkatai sun jawo gobara da ta cinye gidaje masu daraja. Amma duk wanda ya san halin mangabi ya san gidan da aka kulle ya fi saurin faɗuwa. In babu mai buɗe taga, gumi ya zauna a ciki. In babu mai lura da indararo, ruwan sama na yini ɗaya ya shiga bango. Masu hayar nan, da ɗan abin da suke da shi, su ne suka riƙa toshe yoyo suna share rufi shekara arba'in ko hamsin, har lokacin da hukuma ta waiwayo. Ɓarnar da ta fi muni ma sau da yawa daga gyaran ganganci ta zo: a shafe bangon murjani da siminti, danshi ya rasa hanyar fita, dutse ya ruɓe a ɓoye, wata rana bango ya zube gaba ɗaya.

Wanda ya fara tsayawa tsayin daka don kada a share Balad shi ne magajin garin Jidda Muhammad Sa'id Farsi, wanda shi kansa masanin zanen gine-gine ne. A zamaninsa, wajejen 1980, aka ƙidaya gidaje fiye da 500 aka sa su ƙarƙashin kariyar doka. Ba duka suka kai yau ba. A 2019 gwamnati ta ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da rushewa, kuma yanzu ko'ina ka juya za ka ga ƙarafa sun tokare bango, ma'aikata suna kankare siminti suna mayar da farar ƙasa, kafintoci suna kwance roshan gunduwa-gunduwa su gyara su mayar. Aikin yana da kyau, wanda ya ga unguwar shekarun baya zai yi hamdala. Wasu gidajen sun zama otal, wasu gidan shayi, wasu wurin baje zane-zane.

Damuwata ita ce yawancin tagogin da aka gyara babu kowa a bayansu. Da rana lunguna shiru, sai dare baƙi su cika su, su ɗauki hoto su watse. Otal zai iya biyan magini, amma gidajen sun fi otal ɗin da garin zai iya ɗauka yawa, kuma masallacin Shafi'i yana bukatar maƙwabta masu zuwa sallar asuba, ba baƙi kaɗai ba. Abin da ke faruwa da garin murjani idan mutanensa suka tashi ba sai an yi hasashe ba, don misalinsa yana tsallaken teku. Sawakin, inda kakanninmu suke shiga jirgi, da irin wannan dutse aka gina ta, da irin waɗannan rawashin, har maginan ma daga Hijaz wasunsu suka je. Turawan Ingila suka buɗe sabuwar tasha a Port Sudan a 1909, fatake suka kwashe suka koma can, suka kulle gidajensu da niyyar za su riƙa leƙowa. Babu yaƙin da ya ci garin, babu wanda ya sa masa guduma, amma kafin shekara sittin yawancin benayen sun zama tsibin farin dutse. Can za mu nufa a babi na gaba.